Na zo ganin ginin da Bob Dylan ya sake waƙoƙinsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. In kun ga hoton yana ɗan rawa, kada ku zargi kyamara, hannuna ne ke karkarwa. Na cire safar hannu don in danna maɓallin ɗauka, kafin in mayar da ita yatsun sun daina jin magana. Ku dubi bakina yadda yake fitar da hayaƙi kamar tukunyar mai ƙosai. Wanda ke Kano yana kukan hunturu don leɓensa ya tsage, Allah Ya ba shi haƙuri, amma dai ya ƙara godiya.

Yanzu na sauka daga jirgin ƙasa na cikin gari a tashar Franklin, nan Minneapolis a jihar Minnesota ta Amurka, za mu taka zuwa titi na 25 a unguwar Seward. Akwai wani gini da na daɗe ina son nuna muku. Yau babu kasuwa, babu girki, babu amsar tambayoyin biza. Maganar wani faifan waƙa zan yi, kuma na san wasunku za su ce me ya haɗa Bahaushe da waƙar jita ta Bature. Ku biyo ni dai.

Shekara biyu da suka wuce ina aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, daga ƙarfe goma zuwa shida na safe. A lokacin ne aka fasa aurena. Ban taɓa faɗa a tashar nan ba. Shekara huɗu yarinyar tana jirana, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana sau biyu ana ɗagawa saboda takarduna ba su fito ba, in na fita ƙasar nan ba ni da hanyar dawowa. Iyayenta suka gaji, kuma ban ga laifinsu ba, ko ni ne uban haka zan yi. Aka mayar mana da kaya. Ina tsaye tsakanin kwalaye wajen ƙarfe uku na dare saƙon murya ya shigo daga Hajiyarmu. Minti ɗaya bai cika ba. Ta ce, "Babana, sai haƙuri. Matar mutum kabarinsa. Ka ci abinci." Na saurara sau uku, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da jera kwali.

Akwatunan lefe biyu na nan a ɗakina a lokacin. Duk wata in an biya ni sai in sayi abu ɗaya in jefa: turare, jaka, takalmi mai lamba 38. Wata takwas ban buɗe su ba, ban kuma matsar da su ba, a kansu nake ɗora kayan wanki.

Akwai wani dattijo Bature da muke aiki tare, shi ke rage mini hanya da asuba. Bai tambaye ni komai ba, ya dai ga na daina surutu. Wata rana ya saka wani tsohon faifai a motarsa, ya ce wannan a garin nan aka yi rabinsa. Na ji jita, na ji murya ta hanci kamar mai mura, na ce a raina wannan kuma wa ya ce masa ya iya waƙa. Kafin mu kai gida na yi shiru. Washegari ni na ce ya sake sakawa.

Sunan faifan Blood on the Tracks, na Bob Dylan, ya fito a watan Janairun 1975, waƙoƙi goma. Dylan ɗan jihar nan ne. A Duluth aka haife shi a 1941, ya girma a Hibbing, garin masu haƙar tama can arewa, ya zo jami'a nan Minneapolis a 1959 bai gama ba, ya wuce New York. Shi ne mawaƙin da aka ba kyautar Nobel ta adabi a 2016. In ka shiga tsakiyar gari, a titin Hennepin, za ka ga an zana fuskarsa uku a jikin wani ƙaton bango, yaro, magidanci, tsoho.

A 1974 yana da shekara 33, aurensa da matarsa Sara yana tangal-tangal. Sun yi aure tun 1965, ga yara. Ya dawo gonarsa a nan Minnesota da bazara, ya cika wani ɗan jan littafi da baitoci. A watan Satumba ya shiga situdiyo a New York, cikin 'yan kwanaki ya gama. Akasarin waƙoƙin daga shi sai jitarsa, sai sarewar baki, sai mai kaɗa bes, jitar nan mai kaurin murya, ɗaya a gefe. In ka sa abin ji a kunne ka saurari wancan ɗaukar ta New York, akwai inda za ka ji ƙas-ƙas-ƙas, maɓallan rigarsa ne ke bugun jikin jitar. Ba wanda ya ce a goge. Abin ya tuna mini da marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, mutum ɗaya da abin kiɗa ɗaya, babu inda za ka ɓoye in ba ka da magana.

To an gama, kamfanin Columbia ya buga na gwaji, an buga bangon faifan, saura kaɗan a kai kasuwa. Sai Dylan ya zo gida hutun Kirsimeti, ya saka wa ƙanensa David. Ƙanen nan ya saurara ya ce, yaya, abin nan ya yi sanyi da yawa, a sake wasu. Ku duba ƙarfin hali. Wanka da kwalliya an gama, ango na bakin ƙofa, ƙane ya ce a koma a canza riga. Kuma yayan ya yarda.

Ku dakata in tsallaka, ƙasan nan santsi ne da shi, makon jiya na zube a gaban wata tsohuwa har ta tambaye ni ko a kira motar asibiti.

Yauwa. Ga shi nan. Wannan ginin da kuke gani, mara kwalliya, wanda in ba an faɗa maka ba sai ka wuce shi ka ɗauka ofishin inshora ne. Sunansa a da Sound 80. A nan ne, ranar 27 da ranar 30 ga Disamba 1974, aka sake ɗaukar waƙoƙi biyar cikin goman. David ne ya tattaro makaɗan, duk 'yan gari, ba wanda duniya ta sani. Akwai Bill Berg mai ganga, Billy Peterson mai bes, Gregg Inhofer mai fiyano, da wani saurayi Peter Ostroushko mai mandolin, wata 'yar ƙaramar abar kiɗa mai kama da jita. Akwai Chris Weber, mai shagon sayar da jita, wanda asali wata tsohuwar jita kirar Martin aka ce ya kawo, ya kawo kaya aka ce zauna ka kaɗa. Sai Kevin Odegard, shi ma mai jita.

Labarin Odegard ne ya fi tsaya mini. Ana cikin waƙar farko ta faifan, Tangled Up in Blue, Dylan ya tambaye shi yaya ya ji. Maimakon ya ce ranka ya daɗe ta yi, sai ya ce a ɗaga sautin mataki ɗaya, daga G zuwa A. Wanda ya san kiɗa ya san abin da wannan ke yi: dole mawaƙi ya miƙe maƙogwaro, ya kai murya inda ba ta da hutu. Dylan ya gwada, kuma ita ce wadda duniya ke ji har yau. In ka jera biyun, ta New York kamar mutum ne kwance a ɗaki yana ba silin labari. Ta nan kuwa mutum ne ya ɗauki jakarsa yana tafiya yana ba ka labarin, kana bin sa da sauri don kada ka rasa wani wuri. Baitocin kusan ɗaya ne, ya ɗan sauya wasu, inda a da yake cewa "shi" ya koma cewa "ni".

Haka Idiot Wind, mai kusan minti takwas. A New York baƙin ciki ne a hankali. A ginin nan ta zama faɗa, zagi ƙiri-ƙiri, yana tofar da kalma kamar mai tsinuwa. Amma da ya zo ƙarshe sai ya daina nuna matar da yatsa, ya haɗa da kansa a cikin wautar. Ni nan ne ta kama ni. Wata takwas ina shari'a a zuciyata, ni ne alƙali, ni ne mai ƙara, kullum ita da iyayenta ke faɗuwa. Ban taɓa zama na lissafa sau nawa ta kira ina barci ban mayar da kiran ba, ko sau nawa na ce "wata mai zuwa insha Allahu" alhali na san babu abin da zai faru wata mai zuwa.

Masu son Dylan har gobe suna gardama a kan wacce ta fi. Akwai masu cewa ƙanen ya ɓata abu, ta New York ce ta gaskiya. Ni ban yarda ba. Na saurari ta New York sosai, an fitar da ita gaba ɗaya a 2018, kuma tana da kyau, amma in ka yi mako kana jinta ba za ka iya tashi zuwa aiki ba. Wadda aka yi a nan tana da ganga a ƙarƙashinta. Ciwon yana nan yadda yake, ƙafa ce kawai ta samu abin takawa.

Shi gogan naku Dylan kuwa ya sha musanta cewa labarin gidansa ne. A littafin tarihin rayuwarsa na 2004 ya nuna cewa daga gajerun labaran marubucin Rasha Chekhov ya samo su. To, Allah Shi ne masani. Ɗansa Jakob dai ya ce in yana jin faifan, iyayensa yake ji. An raba auren a 1977. Ni na fahimci musun nan, don mu ma haka muke. Ka tambayi Bahaushe ya gida, gidan na ci da wuta, ya ce maka lafiya lau.

Wani abu da ya ba ni haushi: da yake an riga an buga bangon faifan, sunayen makaɗan nan shida ba su fito a jiki ba. Faifai ya hau lamba ɗaya a Amurka, ana ta sayarwa shekara da shekaru, su kuma suna nan garin suna harkokinsu. Sai a fitowar 2018 ɗin aka rubuta sunayensu yadda ya kamata, bayan shekara arba'in da uku. Duk wanda ya taɓa aikin dare a ƙasar nan ya san wannan yanayin.

Bari in matsa kusa da ƙofar, ba zan shiga ba, ba a shiga haka kawai. Shahararren mawaƙin nan Prince ma yana matashi ya ɗauki waƙoƙin gwajinsa a nan kafin ya yi suna. Amma abin da zai ba ku mamaki shi ne abin da ginin ya koma. Yanzu ɗakin gwaje-gwajen sauti ne, Orfield Laboratories, kuma a ciki akwai wani ɗaki da littafin Guinness ya sa a matsayin wurin da ya fi ko'ina shiru a duniya. An jera wasu abubuwa masu tsini da ke shanye sauti a bango da sama da ƙasa, a kan raga kake tsayawa, sauti in ya fita daga bakinka ba ya dawowa. Waɗanda suka shiga suna cewa kana jin bugun zuciyarka da motsin cikinka. Ginin da mutum ya zo ya yi ihun rabuwa, yau kuɗi ake biya a shiga a ji shiru. Wani abokina ya ce mu yi karo-karo mu gwada, na ce masa ni na yi wata takwas a irinsa kyauta.

Akwatunan kuwa, tunda na san za ku tambaya a ƙasa. Ranar wata Lahadi na saka faifan nan, na buɗe su. Ƙanwata za ta yi aure, na kira ta na ce, ke auta, lamba nawa kike sawa? Ta ce 39. Na ce matsa ƙafar. Na haɗa komai na ba wani mai zuwa Kano. Turare ɗaya na riƙe, ban san dalili ba, yana nan a kan firji. Ita kuma waccan na ji ta haihu, namiji, na aika da barka ta hannun Hajiya. Hajiya ta ce an gode, sannan ta ce akwai wata 'yar ƙawarta da ta gama karatun jinya. Na ce Hajiya layin ba ya da kyau.

Batirin ya nuna ja, sanyin nan cinye shi yake kamar fara a gona. Zan koma unguwar Cedar-Riverside wajen 'yan uwanmu Somaliyawa in sha shayi mai citta da sambusa biyu, ko yatsun nan sa dawo. Wanda zai saurara, ya fara da ta farko, ya sa abin ji a kunne, ya bar wayar a aljihu. Sai mun haɗu. Kai, wannan iskar.