Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Kimiyya da Fasaha a Ɗakin Binciken Eriya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe na injiniyan lantarki, ina yi maka barka da zuwa, kai da 'yan rakiyarka.

Faifan nan da ke gabanka, wanda bai fi bangon littafi faɗi ba, shi ne abin da muke aiki a kai, masana kuma suna ce masa metasafes. An jera masa ƙananan zane-zanen tagulla, kowanne bai kai rabin tsawon igiyar rediyon da zai sarrafa ba, wato kusan milimita 5 a gigahaz 28 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne). Kowane zane yana da dayod ɗinsa, wato ɗan ƙaramin kayan lantarki da ke sarrafa wucewar wuta. Idan aka sauya wutar da ake ba dayod ɗin, sai zanen ya jinkirta igiyar da ke ratsa shi, idan kuma jinkirin ya riƙa ƙaruwa daga wannan gefe zuwa wancan, sai igiyar ta karkata inda ake so, eriya tana nan ba ta motsa ba.

A 2011 ne Farfesa Federico Capasso da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka shimfiɗa ƙa'idar wannan karkatarwa, a 2014 kuma Farfesa Cui Tiejun na birnin Nanjing a ƙasar Sin ya nuna faifan da kwamfuta ke ba umarni.

Faifan da ke mayar da igiya baya ya fi sauƙin ƙerawa, domin ana ɓoye wayoyinsa a bayan shimfiɗar ƙarfe. Namu kuwa ratsa shi igiyar take yi, saboda haka duk wayar da aka sa tana kan hanyarta, kuma dole a haɗa zane-zanen hawa-hawa kafin jinkirin, wanda ake aunawa da digiri, ya kai cikakken juyi na digiri 360 ba tare da ƙarfin igiyar ya zube ba. Nan ne gizo ke saƙar. Mai neman sauƙi yakan tsaya a kan matsayi biyu, digiri 0 da 180, amma yakan rasa kusan rabin ƙarfin.

Tun 2023 da Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan Adam, ya shigo Nijeriya, jama'a sun ga eriyar da ke bin tauraron ɗan Adam ta hanyar karkatar da igiya da lantarki, sun kuma ji tsadarta. Fatanmu shi ne a samu irinta mai araha, ƙirar gida.

Ranka ya daɗe, zane da lissafi muna yin su a kwamfuta. Abin da muke roƙo shi ne ɗakin awo mai shanye amsa-kuwwar igiya, domin da shi ne za mu tabbatar da kusurwar da faifan ya karkata igiyar.

Allah ya taimake ka, bismillah, mu ƙarasa wurin gwajin.