Da wace manhaja za ka rubuta takardar neman aiki in ba ka da kuɗin Word?

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab. Tare da ni akwai Malam Kabiru, mai koyar da kwamfuta, sai ƙaninmu Nura da bai daɗe da kammala bautar ƙasa ba. Malam, barka da zuwa.

Malam Kabiru: Barka kadai, Malama Zainab. Nura, ya fafutuka?

Nura: Alhamdu lillahi, Malam, ana ta yi. Kuma maganar yau ni ta fi shafa. Mutum ya gama makaranta, ga talla an fitar ana neman ma'aikata, ya buɗe kwamfuta zai gyara CV, sai Word ta ce wa'adinta ya ƙare, sai an biya. Wanda ke neman aiki ina ya ga kuɗin biyan manhaja duk wata?

Malam Kabiru: To ai shi ya sa nake so a fara cire wa mutane wannan fargaba. Babu wanda ya ce dole sai da Word da aka saya ake rubuta takardar neman aiki. Mai ɗaukar aiki bai san da me ka rubuta ba, bai kuma damu ba. Ko ba haka ba, Malama? Ke ce kike karɓar takardun masu neman aiki.

Zainab: Wallahi ban taɓa tambayar kowa ba. Abin da ke gabana shi ne in na danna fayil ya buɗe, in ga rubutu a tsare, in karanta. Matsalar da nake gani kullum ita ce ta wanda fayil ɗinsa ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe a hargitse. Za mu zo nan.

Nura: To Malam, a fara da mai kwamfuta. Me zai saka?

Malam Kabiru: Ni dai LibreOffice nake saka wa ɗalibaina. Kyauta ce gaba ɗaya, ba gwajin wata guda ba, ba kuma talla a ciki. A cikinta akwai Writer, ita ce takwarar Word. Sau ɗaya za ka sauke ta, nauyinta ya ɗan haura megabait 300, daga nan ba ruwanka da data. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni da ita, domin mutuminmu yau yana da data, gobe babu.

Nura: Ka yi haƙuri Malam, amma an ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Wa ya yi ta, me yake samu?

Malam Kabiru: Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata kowa ya riƙa yin ta. Asalinta OpenOffice ce, wadda ke hannun kamfanin Sun. Da Oracle ya saye Sun a 2010, sai da yawa daga masu aikin suka ware suka kafa gidauniya mai suna The Document Foundation, wadda ke da rajista a Jamus. Da gudummawar jama'a take tafiya, da 'yan sa-kai, da wasu kamfanoni da ke sayar wa manyan ma'aikatu hidimar kula da ita. Ba kayan wasa ba ce. A 2024 jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta sanar cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan LibreOffice. In gwamnati za ta iya gudanar da ofis da ita, shafi biyu na CV ba zai gagare ta ba.

Zainab: Amma Malam, bari in kawo ƙorafina a nan. Akwai masu turo mini fayil mai ƙarewa da odt, wato tsarin fayil na LibreOffice. A kwamfuta yana buɗewa, amma sau da yawa a waya nake fara dubawa, kuma shafukan neman aiki da dama ba sa ma karɓarsa.

Malam Kabiru: Gaskiya ne. LibreOffice da odt take adanawa in ba ka ce mata komai ba. Sai ka zaɓa da kanka a wurin adanawa ka ce docx kake so, wato tsarin fayil na Word, ko ka shiga saiti ka mayar da shi na dindindin. Wanda kuma yake son abin da ya fi kama da Word a fuska, akwai OnlyOffice, ita ma kyauta ce a kwamfuta, kuma da docx take aiki tun farko.

Nura: Ni fa a nan nake ɗan saɓa wa Malam. Cikin abokaina da muka yi hidima tare, masu laftof ba su da yawa. Waya ce a hannun kowa. Ni Google Docs nake amfani da ita. Duk mai Gmail yana da ita, ga gigabait 15 na ajiya kyauta. Abin da na rubuta yana can a asusuna, ko wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta a kasuwa, in na ari ta wani na shiga zan tarar da CV ɗina yadda na bar shi.

Malam Kabiru: Ban musa ba. Amma in data ta ƙare fa?

Nura: Akwai wurin da za ka kunna domin fayil ya zauna a wayar, ka yi ta gyara ba intanet, in ta dawo ya haɗa da kansa. Sai dai dole ka kunna tun kana da data, ba sai ta ƙare ba.

Malam Kabiru: To madalla. Kuma tunda ka kawo waya, mutane da yawa ba su san ita kanta Word ɗin akwai ta kyauta ba. In ka buɗe asusun Microsoft, za ka iya rubutu da Word ta intanet ba ko sisi, da ajiyar gigabait 5. A waya ma haka, muddin fuskar na'urar ba ta wuce inci 10.1 ba, za ka rubuta ka gyara. An rage mata wasu abubuwa, amma ba waɗanda mai neman aiki ke buƙata ba. Ɗalibi kuma ya tambayi makarantarsa, domin wasu jami'o'i imel ɗin da suke ba ɗalibai yana buɗe Office, wato tarin manhajojin Microsoft da Word ke ciki, kyauta.

Zainab: WPS fa? Don ita na fi gani a wayoyin mutane.

Nura: Tana aiki, Yaya Zainab. Ta kamfanin Kingsoft ce na ƙasar Sin, kuma tana buɗe fayilolin Word da kyau. Abin da ke damun mutum talla ce, da yawan tayin ka biya ka samu ƙari. Wani tsarin CV ɗin za ka gan shi ya yi maka kyau, sai ka tarar na masu biya ne. In mutum zai iya haƙuri da wannan, ba laifi.

Zainab: Malam, ga wadda kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba. Mutum ya kai kwamfuta wurin mai gyara, a saka masa Word ta sata a kan 'yan kuɗi kaɗan.

Malam Kabiru: Wannan ita ce nake roƙon jama'a su bari. A ajiye maganar haƙƙi ma tukuna, duk da tana nan. Kafin a saka irin wannan, sau da yawa sai an kashe garkuwar kwamfutar, domin ita garkuwar tana ganin abin fasa manhajar a matsayin bairos. To wa ya san me aka cusa a ciki? Kuma ku tuna abin da ke cikin kwamfutar mai neman aiki: hoton takardun makaranta, lambar NIN, ranar haihuwa, kalmar sirrin imel, wani har da bayanan banki. Duk don a rubuta wasiƙar da LibreOffice za ta rubuta kyauta. Ni abin yana ba ni takaici, don yaran nan ba su da laifi, ba a gaya musu akwai wata hanya ba ne.

Nura: Kuma yawanci tsofaffi ake sakawa.

Malam Kabiru: Ƙwarai. Office 2016 da 2019, Microsoft ta daina tura musu gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025. Ko WordPad da a da take zuwa a cikin Windows, mutum ya lallaɓa da ita, an cire ta daga Windows 11 a sabuntawar 2024. Wanda ya neme ta bai gani ba, kar ya ɗauka kwamfutarsa ce ta lalace.

Zainab: To yanzu ku ba ni dama in yi tawa, don nan ne abin yake mini ciwo. Mutum ya zauna ya tsara CV, a wurinsa ya tsaya shafi biyu cif. Ya turo mini, in buɗe in ga shafi uku, layin ƙarshe shi kaɗai a shafi na uku, ranakun aiki sun gangaro ƙarƙashin sunan makaranta. Na san ba haka ya rubuta ba. Amma wani mai dubawar da takardu suka yi masa yawa ba zai tsaya yi masa uzuri ba.

Malam Kabiru: Dalilin kuwa salon haruffa ne. Calibri da Cambria na Microsoft ne. In aka buɗe fayil a na'urar da ba ta da su, sai ta musanya da wani salon da faɗinsa ya bambanta, layuka su goce. LibreOffice tana zuwa da Carlito da Caladea, waɗanda aka auna su daidai da faɗin waɗancan biyun, da kuma Liberation da ke tsaya wa Arial da Times New Roman. Suna rage matsalar. Amma maganinta na gaskiya PDF ne, domin shi yana tafiya da haruffansa a cikinsa. Yadda ka gan shi haka Malama za ta gan shi. Kuma duk manhajojin da muka ambata suna fitar da PDF kyauta.

Zainab: Sai dai in tallar aikin ta ce a turo Word, to a bi abin da aka ce. Sannan PDF ɗin ya zama wanda aka fitar daga manhajar, ba a buga a takarda a ɗauki hotonta da waya ba. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyi suna da manhajar da ke fara tace takardu kafin ɗan Adam ya gani, tana neman kalmomi. In hoto ka turo, mai yiwuwa ba za ta karanta komai ba. Haka CV mai ado da yawa, ginshiƙai biyu, akwatuna, zane-zane, yakan rikita ta. Rubutu miƙaƙƙe ya fi.

Nura: Ta yaya mutum zai gane nasa yana karantuwa?

Malam Kabiru: Ka buɗe PDF ɗin ka gwada kwafo layi ɗaya. In ya kwafu, rubutu ne. In ya ƙi, hoto ne. Wani abu kuma da ake mantawa shi ne girman takarda. Manhajoji da yawa suna farawa da ma'aunin Amurka, mu kuwa A4 muke bugawa, milimita 210 da 297. Ka canza tun kafin ka fara rubutu. Ka kuma sa mai duba kuskuren rubutu a kan Turancin Ingila, don shi muka gada a makaranta.

Nura: 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram fa, masu rubutu da Faransanci?

Malam Kabiru: Duka suna da ƙamus ɗin Faransanci, sai a zaɓa. Amma su a can akwai ayyuka, musamman na gwamnati, da ake cewa a kawo takardar neman aikin da rubutun hannu. In an ce haka, to biro ne da takarda, CV ɗin ne kawai za a buga.

Zainab: Akwai kuma maganar suna. Mai suna Ɗanladi ko Ɗahiru zai so ya sa ƙugiya, kuma Gboard, manhajar allon rubutu ta Google a waya, tana da allon Hausa da ke ba ka ɓ da ɗ da ƙ. Amma wasu salon haruffan ba su da su, sai ka ga akwati a madadin harafin farko na sunanka. Shawarata, a takardar neman aiki ka rubuta sunan yadda yake a shaidar makarantarka da katin ɗan ƙasa, harafi da harafi, don ranar tantancewa da su za a gwada.

Nura: Ni abin da nake so in ƙara shi ne na masu zuwa shagon buga takardu. Ba laifi ba ne, wani ba shi da wata hanya. Amma kar ka karɓi takardar da aka buga kawai ka tafi. Ka ce a tura maka fayil ɗin docx a imel ɗinka, don wata rana za ka so ƙara wani abu, kar ka sake biyan kuɗin bugawa daga farko.

Zainab: Ka kuma tsaya ka karanta kafin ka biya. Na sha ganin CV da aka ɗora a kan na wani, an canza suna a sama, amma lambar wayar da ke ƙasa ta mutumin farko ce. Mu kira, wani daban ya ɗauka. Wannan yaron har yau bai san an neme shi ba.

Malam Kabiru: Subhanallahi. In kuma ka shiga imel ɗinka a kwamfutar shago, ka tabbata ka fita kafin ka tashi, ka sa a goge fayil ɗin a gabanka. Filash ma a yi hattara da shi, ta nan bairos ya fi yawo tsakanin shaguna.

Zainab: Sannan don Allah a sa wa fayil suna. In akwatina ya cika da fayiloli kowanne sunansa CV kawai, ta ina zan gane na wa ne? Ka sa sunanka cikakke, sannan CV. Nura, kai yanzu wanne za ka tura musu?

Nura: PDF, Yaya, sai in sun ce Word. Amma yau da daddare zan koma in duba girman takardar, in tabbatar A4 ce.

Malam Kabiru: In ka duba, ka kawo mini wayar gobe mu karanta wasiƙar tare kafin ka tura.

Zainab: Allah Ya ba da sa'a, Ya buɗa wa duk mai nema. Sai mun sake haɗuwa, mu kwana lafiya.