Mussar Gidanmu da Baƙin Dare: Abin da Ke Faruwa a Tsakar Gida Bayan Magariba

Assalamu alaikum. Wannan da kuke gani ta miƙe a gindin randa, ciki a manne da ƙasa mai sanyi, mussar gidanmu ce a nan Daura. Wasu su ce mage, wasu su ce kyanwa. Tun hantsi take nan, ko kunne ba ta kaɗa wa kaji ba. Wanda ya shigo yanzu zai rantse kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi. Ku dai bari rana ta faɗi.

Mage tana iya yin barcin sa'a 12 zuwa 16 a yini. Ba lalaci ba ne, tanadin ƙarfi ne. Aikinta yana farawa da almuru, ya sake tashi da asuba, daidai lokacin da ɓera ke fitowa daga rami. Haka ta gada daga kakarta ta daji, wadda har yau tana yawo a dazuzzukan Afirka. Masana sun ce kimanin shekara 10,000 ke nan da ta fara raɓar mutane, a yankin Gabas ta Tsakiya, lokacin da aka soma noma ana tara hatsi. Inda rumbu yake, nan ɓera yake, inda ɓera yake kuwa ba sai an aika mata goron gayyata ba. A tsibirin Kubrus an tono kabarin wani mutum da aka binne shi tare da mage, shekara wajen 9,500 da suka wuce. Ke nan ba mu muka kamo ta ba, ita ta kawo kanta, kuma har yau da sharaɗinta take zaune.

To, an yi sallar magariba. Ku dubi idanun nan da na haska da tocila, kamar garwashi kore. Muna yara idan muka ga haka a lungu sai mu zura da gudu muna salati, wai aljani ne. Wani shimfiɗi ne a bayan idon, mai aiki kamar madubi, yana mayar da haske ya sake bi ta cikin ido karo na biyu. Shi ya sa kashi ɗaya cikin shida na hasken da ɗan Adam ke buƙata ya ishe ta gani. Kunnen ma haka. Tana jin ƙaramar kukan ɓera da mu ba za mu taɓa ji ba, kuma kowane kunne yana juyawa shi kaɗai. Idan kun ga ta ƙura wa bango ido babu komai, akwai komai, a cikin bangon yake.

Baƙo na farko shi ne tsaka, can saman ƙofar ɗaki inda ƙwan lantarki ke tara ƙwari. Ku lura da yadda mussa ke tafiya: ciki a ƙasa, taku ɗaya, tsayawa, ƙarshen wutsiya na rawa. Kwanciyar ɗaukar rai ke nan da ake yi mata kirari da ita. Ta daka tsalle, ta danne, amma me ke ƙarƙashin ƙafarta? Wutsiya ce kaɗai, tana ta mutsu-mutsu. Tsaka ta tsinke ta da kanta, akwai gaɓoɓi a ƙashin wutsiyar da aka halitta don su rabu cikin sauƙi. Wutsiyar ta ci gaba da motsi, mage ta shagala da ita, mai wutsiya ta shige tsagin bango. Bayan 'yan makonni wata za ta tsiro, sai dai ba ta kai ta farko kyau ba.

Amma baƙon da ya fi ba ni sha'awa shi ne jaba. Duk wanda ya kwana a ɗakin ƙasa ya san ta, ko bai gan ta ba ya ji tsiwarta a bayan buhu, ya kuma ji warin. Mutane da yawa suna ɗaukar ta 'yar'uwar ɓera ce. Ba su haɗa dangi ba ko kaɗan. Ku dubi bakin, dogo mai tsini, haƙoran ƙanana masu kaifi, ba na gaigayar hatsi ba ne. Kyankyaso take ci, da gyare, da sauran ƙwari, kuma jikinta yana ƙona abinci da sauri har ba ta iya ɗaukar dogon lokaci ba ta ci ba. Shi ya sa ba ta zama wuri ɗaya.

Mage za ta kama ta, za ta kashe ta, amma ba za ta ci ba. A gefen cikin jaba akwai wasu ƙulli masu fitar da wannan wari, kuma mage ba ta son sa a baki. To me ya sa ta kashe abin da ba za ta ci ba? Domin a wurin mage, farauta daban, yunwa daban. Abu ya motsa a guje, jikinta ya tashi, ko da ta ƙoshi har wuya. Ni dai a ganina asara ce ga mai gida. An kashe mai cin kyankyaso kyauta, an bar masa gawa mai wari ya share.

Ba ma a ko'ina take bar masa ba. Wata asuba kakarmu ta fito alwala, ta dawo ta tarar da jaba a kwance tsakiyar sallayarta, mussa na zaune gefe tana lasar hannu kamar wadda ta kawo gaisuwar sallah. Sai muka ji murya daga ɗaki: "Kai yaro, zo ka ɗauke mini tsarabar uwar ɗakinka, kafin in ci mutuncinku ku biyu!" Na ce, "Iya, ai ƙauna ce." Ta ce, "Ƙaunar ta kai wa ubanka." Amma ko tsawa ba ta yi wa magen ba, don ita ce kullum ke tuna mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Masana halayyar dabbobi suna ganin mage tana kai abin da ta kama wurin da ta fi amincewa da shi ne, kamar yadda uwa ke kai wa 'ya'yanta ɓera su koyi kamu. Ɗakin Iya ya fi ko'ina shiru, ba yara, ba kaji.

Kukan nan kuma na tsakar dare, mai kama da na jariri, da ke sa mata su toshe kunne suna neman tsari, macen ce ke kiran muzuru. Bayan kwana 63 zuwa 65 sai ku tarar da 'ya'ya a cikin kwandon tufafi.

Karen zaure nasa labarin gajere ne. Abokin rigimarsa bushiya. Da damina takan shigo neman ƙwari, ya taso da haushi kamar zai cinye ta, ita kuwa ta dunƙule ta zama curin ƙaya. Ya kai hanci, ya ja da baya, ya zagaya, ya sake kai hanci. Shekara nawa yana wannan, bai taɓa koyon darasi ba. Idan ya gaji ya tafi, sai ta warware ta ci gaba da harkarta.

Inda wasa ke ƙarewa shi ne maciji. Mu mutanen Daura ba sai an ba mu labari ba, tarihin garin ma da maciji ya soma: wanda ya hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sare kansa. Na yau ba a rijiya suke ba. Gamsheƙa tana shiga gida bin ɓera da kwaɗi da ƙwan kaji, kububuwa kuwa ta fi yawa a gona da bayan gari. Sau da yawa zabi ne ke fara tona asiri, su taru suna ƙara kamar ana yanka su, kai a miƙe wuri ɗaya. Idan kuka ji haka, ku kira yara ɗaki kafin ku je dubawa. Mage takan tari maciji, tana da zafin nama ƙwarai, amma dafi bai san zafin nama ba, kada a tsaya kallo ana yi mata kirari. Gamsheƙa kuma tana feso dafi har nisan mita 2, ido take nufa. Ko kare ne ko mutum, a wanke idon da ruwa mai yawa nan take, sannan a nufi asibiti.

Ban da maciji, akwai abu biyu da muke yi da hannunmu da ke kashe mage. Na farko shinkafar ɓera: ɓera ya ci, ya fito yana tangaɗi, mage ta samu kamu mai sauƙi, gubar ta bi ta. Na biyu farasitamol. Mutum ya ga magensa ba ta da lafiya, ya ɓallo ƙwaya ya ɗura mata don tausayi, alhali hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Kada kuma a manta da allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi wa kare da mage a asibitin dabbobi. Dabbar da ke kwana a waje tana cuɗanya da abin da ba mu gani. Idan ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti ranar, don cutar idan ta bayyana a jiki ba ta da magani.

An kira assalatu. Ga ta can tana saukowa daga katanga, jiki duk yanar gizo. Ta goga kumatu a ƙafar Iya, ta shafa mata ƙamshinta, alamar wannan tawa ce. Ta leƙa ƙwaryar nono, aka kore ta, ta yi kamar ba da ita ake ba. Yanzu ta koma gindin randa. Ni kuma bari in ɗauko tsintsiya in leƙa ɗakin Iya, don na jiyo warin tun daga zaure.