Fim Ba Magana: Abin da Zane Mai Motsi Ke Nuna Mana Game da Tsufa

An gabatar da wannan lacca a wani zauren taro da ke Agege, Legas, bayan an haska wa mahalarta gajerun finafinai guda biyu. Mai laccar malamin zane ne. An rubuto ta daga faifan murya, an rage maimaici kaɗan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da iyayenmu mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zafi. Na san wasu tun daga Mile 12 suka taso, wasu daga Idi-Araba, kuma kowa ya san halin hanyar Legas da rana tsaka. Allah ya saka da alheri.

Finafinai biyun nan da muka gama kallo, in aka haɗa su minti 20 ne kacal. Daga farko har ƙarshe babu wanda ya buɗe baki ya furta kalma a cikinsu, kuma a zauren nan ban ga wanda ya ɗaga hannu ya ce a fassara masa ba. Abin da na gani shi ne iyayenmu mata na sahun gaba suna kai gefen mayafi ido. To, a kan wannan nake so mu tattauna: ta wace hanya zanen da ba ya magana ya kai mu nan?

Na farkon sunansa Father and Daughter, wato Uba da 'Yarsa. Wani mai zane ɗan ƙasar Holand, Michaël Dudok de Wit, ya fitar da shi a shekarar 2000, ya kuma ci kyautar Oscar ta gajeren fim na zane a 2001. Kun ga labarin. Uba da 'yarsa sun hau kekuna zuwa bakin ruwa. Ya rungume ta, ya gangara wajen kwalekwale, sai ya kasa, ya dawo da gudu ya sake ɗaga ta sama, sannan ya tafi. Bai dawo ba. Ita kuwa ta yi ta dawowa wannan wuri: tana yarinya, tana budurwa cikin ƙawayenta, da saurayinta, da mijinta da 'ya'yanta, har ta zama gyatuma.

Ku lura da dabarar, don ita ce ƙashin bayan fim ɗin. Wuri ɗaya ne, itatuwan su ne, hanyar ita ce, aikin ma guda ne: a zo, a jingine keke, a dubi ruwa, a koma. Jikin mai zuwan ne kaɗai yake sauyawa. Tana ƙarama iska na tura ta, tana fafutuka da keke a kan tudu. Da ƙarfi ya zo, tudun bai zama komai ba. Da tsufa ya kama ta, ta zo ta kafa keken ya faɗi, ta ɗaga shi ya sake faɗuwa, sai ta dube shi ta bar shi a kwance. Ni a wurina wannan ne wurin da ya fi ko'ina nauyi a fim ɗin, har ya fi wurin ƙarshe da aka nuna ta koma budurwa ita da ubanta suna rungume juna. Duk wanda ya zauna da tsoho ya san ranar da ya daina sunkuyawa ya ɗauki abin da ya faɗi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To shi wannan mutumin ko fuskar ma bai ba mu ba. Daga nesa ya zana mutanensa, kamar inuwa, ba ido ba baki. Tafiya ya ba mu, da ranƙwafawar baya, da tsawon lokacin da mutum ke ɗauka yana tsaye kafin ya juya.

Bari in ɗan shiga sana'ar, don matasan da ke can baya masu sha'awar zane. A fim, hotuna 24 ne suke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Masu zanen hannu sukan bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ya zama zane 12 a daƙiƙa. Minti ɗaya ke nan zane 720. A kan wannan lissafi, fim mai minti 8 yana iya cin zane 5,760. Mai ɗaukar hoto da kyamara zai ce wa tsohuwa ta tashi ta yi tafiya, ya ɗauka, shi ke nan. Mai zane ba shi da wannan sauƙin. Sai ya san wace ƙafa take fara ɗagawa, ina take dafawa, sau nawa take yunƙurawa kafin ta miƙe, domin abin da bai lura da shi ba ba zai fito a takarda ba. Saboda haka mai irin wannan aiki dole ya kalli tsoho kallon da mu 'ya'yan tsohon ba mu cika yi masa ba. Mu mun saba da iyayenmu har idonmu ya daina ganinsu. Sai mutum ya je gida hutun Sallah ya ji ana cewa ai Baba ya fi shekara yana sallah a zaune.

Na biyun daga Japan yake, aikin Kunio Kato ne na 2008, ya ci Oscar a 2009. Sunan Faransanci aka ba shi, La Maison en Petits Cubes, tsawonsa minti 12. Wannan kam mutumin Legas ba ya buƙatar dogon bayani a kansa. Gari ne da ruwa yake cinyewa a hankali, tsoho yana zaune shi kaɗai, duk lokacin da ruwa ya taɓo daɓen ɗakinsa sai ya sa bulo ya ɗora wani ɗaki a sama ya kwashe kayansa ya koma. Wanda ya taɓa ganin gidajen Makoko a kan ruwa, ko ya ga yadda ake ƙara wa dokin ƙofa tsawo a unguwanninmu kafin damina, ya san wannan rayuwar.

Rannan lofen tabarsa ya suɓuce ya faɗa ta ƙofar da ke daɓe, ya nutse zuwa ɗakin ƙasa. Ya sa kayan nutso ya bi shi. Da ya ɗauko lofen sai ya tuna matarsa tana miƙo masa shi. Daga nan ya kasa komawa sama, ya ci gaba da buɗe ƙofofi yana gangarawa. Ga ɗakin da ya yi jinyarta. Ga ɗakin da suka ɗauki hoto da jikoki. Ga inda 'yarsu ta kawo mijin da za ta aura, ga inda take rarrafe. Har ya kai ƙasa, filin da shi da matar suka yi wasa suna yara, inda suka ɗora tubalin farko da hannunsu. Kun kuma ga ɗakunan ƙasa su ne masu faɗi, na sama kuwa sai ƙara tsukewa suke yi, har na ƙarshen da ƙyar yake ɗaukar mutum ɗaya da gadonsa. A ƙarshe ya zuba giya a kofi biyu. Wannan al'adarsu ce, ba tamu ba, kuma in kuna kallo da yara ku faɗa musu haka. Amma kofi na biyun nan da babu mai sha, kowa ya gane na wace ce.

Tsohon cikin fim ɗin lafiyarsa ƙalau, tunani kawai yake yi. Sai dai ginin nan nasa yana taimaka mini wajen bayyana wani abu da yake damun gidajenmu. Mai cutar mantuwa, musamman irin wadda ake kira Alzheimer, abin da ya faru ɗazu shi yake fara ɓace masa, na shekara hamsin baya kuwa yana nan daram. Shi ya sa za ka ga tsohuwa ta manta ta ci tuwo yanzun nan, amma tana rera waƙar da aka yi mata ranar kamu, ko ta kira jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu tun tuni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da wannan larura, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, irin tamu ke nan. Mu kuwa sai mu ce gigin tsufa ne mu kau da kai, wani lokaci a ce aljanu ne, a wasu wuraren ma, Allah ya kiyaye, a jefi baiwar Allah da maita. Alhali Alƙur'ani ya gaya mana a Suratun Nahli, aya ta 70, cewa a cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan da ya sani. Iyayena, in kuka ga wannan alama a gida, a kai mutum asibiti, kuma a daina yi masa gardama ana cewa ai yanzu na faɗa miki.

Akwai na uku da ban kawo ba, amma ku neme shi. Sunansa Bao, na kamfanin Pixar, 2018. Domee Shi ce ta yi shi, 'yar asalin Sin da ta tashi a Toronto ta Kanada, shi ma ya ci Oscar. Uwa ce tana haɗa wani curin fulawa da suke cusa wa nama su turara, sai ɗaya ya yi rai ya zama jariri. Ta raine shi, ta hana ƙuda sauka a kansa. Ya girma ya fara guje mata, ya kawo budurwa, ya ɗauki jaka zai bar gida. Ta tare ƙofa, ya ƙi, sai ta cafke shi ta haɗiye. Daga baya ake gane ɗanta na cikinta take tunani, wanda ya tafi ya bar ta. Da ya dawo, ba wanda ya ce yi haƙuri. Abinci ya kawo, suka zauna bakin gado suna ci suna kuka.

Wannan shi ya kawo ni kanmu. Mu mutane ne masu alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wata ko wasa ba ta yi da shi a gaban mutane. Uba zai shekara bai ce wa ɗansa ya yi kewarsa ba. Amma a ba direban da ke zuwa Legas ƙullin kuka da daddawa da yaji, a ce a kai wa yaron nan. Yawancinmu da ke zauren nan iyayenmu suna Kano, Katsina, Sakkwato, wasu Maraɗi, tafiyar kusan kilomita 1,000 ko fiye. Gaisuwar waya minti biyu ce: ya jiki, da sauƙi, ya yara, Allah ya yi albarka. Duk abin da ke tsakaninmu da su a cikin abin da ba a faɗa ba yake. To me ya sa finafinanmu na Hausa suka cika surutu? A zaunar da mutum biyu a falo, wannan ya faɗi abin da ke ransa, wancan ya mayar masa, har uwa ta riƙa yi wa ɗanta kalaman da babu uwar Bahaushen da za ta iya furtawa. Ba raina aikin kowa nake yi ba, ina kallonsu kuma ina ƙaunarsu. Amma mu ne fa muka yi shekaru muna cika gidajen silima muna kallon finafinan Indiya ba mu jin ko kalma ɗaya, tun kafin a fara fassara su, kuma muna fitowa mu ba da labari tiryan-tiryan. Mai kallonmu ya iya karanta shiru tun da daɗewa.

Ba kuma za a ce sana'ar baƙuwa ce a ƙasarmu ba. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara zane mai motsi a Afirka. Ya je Kanada ya ƙaru da gwanin zane mai motsi Norman McLaren, kuma tun 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda ya zana kwaɗi yana zolayar shugabanni masu son tafiye-tafiye. Yau kayan aikin sun fi na zamaninsa sauƙi nesa ba kusa ba. Manhajar Blender kyauta ce, Krita ma kyauta ce. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci Oscar a 2025, da Blender aka yi shi, shi ma babu magana a cikinsa. Ga shi muna zaune a garin da maƙwabcinka Bayarabe ne, mai shagon gaba Ibo ne, jikokinmu da aka haifa a nan wasu Yarabanci da Turancin buroka sun fi kama bakinsu a kan Hausa. Fim ɗin da ba shi da magana kaka da ta zo daga Arewa da jikanta ɗan Agege za su kalla a waya ɗaya, babu mai jiran wani ya yi masa tafinta.

Sai dai ina da ƙorafi a kan waɗannan finafinai, kuma ina so masu niyyar yin namu su ji shi. Suna wanke tsufa ya fito fes. Kiɗa mai taushi, launi mai sanyi, tsoho mai tsafta shi kaɗai da tunaninsa. Ba sa nuna wankin zanen gado da asuba, ba sa nuna kuɗin magani, ba sa nuna matar ɗa ko 'yar autar da jinya ta hana ta barci shekara da shekaru, ga faɗan tsohon da ba ya gane mai yi masa hidima. Tsufanmu kuma ba kasafai yake zuwa a ɗaki shiru ba, a tsakiyar gida yake, cikin hayaniyar yara da awaki da baƙi masu zuwa gaisuwa, kuma mutum yana iya zama cikin kaɗaici a tsakiyar wannan taron. Wannan fim ɗin ba ɗan Holand ko ɗan Japan ne zai yi mana shi ba. Ƙannena, ku fara da minti ɗaya. Ku zauna kusa da Kaka ku zana hannunta lokacin da take ɓare goro, yadda take juya shi, yadda take gutsura ta mayar da saura bakin zane. Ku nemi izininta tukuna.

Wani dattijo daga cikin mahalarta ya yi tambaya a kan hukuncin zana abu mai rai.

Baba, na gode, kuma tambayar tana kan hanya. Ni malamin zane ne, ba na ba da fatawa. Abin da na sani shi ne malamai sun yi magana mai yawa a kan wannan, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassauci musamman a kan abin da aka yi don koyar da yara, kuma wasu sun bambanta cikakkiyar sura da wadda ba ta cika ba. Duk yaron da zai shiga wannan aiki ya je wurin malamin da ya amince da shi ya tambaya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zana mutum ba, akwai sauran hanya: ana iya ba da labarin gida gaba ɗaya da takalman da ke bakin ƙofa, da buta, da sanda, da yadda kwanukan tuwo suke ƙaruwa suna raguwa shekara bayan shekara. Sunayen finafinan na rubuta su a allo, mai so ya ɗauka a waya kafin ya fita. Na ga ana yi mini nuni da agogo, lokacin sallah ya gabato, mu dakata a nan. Wassalamu alaikum.