Sharhi: Wane ne wannan "wani" da muke jira?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Gidan haya ne a Tudun Wadan Zariya, ɗaki takwas, rijiya ɗaya. Kusan kullum bayan isha'i sai an ji ihun wata 'yar aiki da ba ta wuce shekara goma ba, uwar ɗakinta tana zabga mata wayar wuta. Da safe ta fito jan ruwa, bayanta ruɗu-ruɗu. Sai ranar da aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti bakin kowa ya buɗe: "Ai mun daɗe muna ji." Wata baiwar Allah a gidan ce ta ba ni labarin. Na ce, "Hajiya, me ya hana ki magana?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi na ɗauka wani zai yi."

Wani zai yi! Wane ne wannan wanin?

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano wannan cuta. A 1968, bayan kisan wata mata mai suna Kitty Genovese a birnin New York a 1964, wadda aka ce maƙwabta sun ji ihunta ba su kai mata ɗauki ba, John Darley da Bibb Latané suka gwada ɗalibai: mutum yana zaune shi kaɗai sai ya ji ta na'ura kamar farfaɗiya ta kama wani. Waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke ji, kashi 85 cikin 100 sun tashi neman taimako. Waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 kacal. Yawan kunnuwa ne ke raba nauyin har kowa ya ji nasa bai kai ya ɗaga ƙafa ba. Ga kuma kallon-kallo: ka ga dattijon gida ya yi shiru, sai zuciyarka ta ce maka tarbiyya ce ake yi. Shi ma fuskarka yake karantawa.

Za a ce mini shiga sharo ba shanu ne, ko a ce rufin asiri. Haba jama'a! Asirin wa ake rufawa, na yarinyar ko na mai wayar wuta? Tsoron na yarda da shi. Matar da ke zaman haya tana gudun a tashe ta, kuma da gaskiyarta. Amma tsoro bai hana raɗa ba. Akwai mai unguwa, akwai liman, akwai cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafi tun 2018, sai dai doka ba ta jin ihu ta cikin bango. Mun ga Rigasa a 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga gida ɗaya, wasu da mari a ƙafa. A tsakiyar unguwa fa!

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi wanda ya ga abin ƙi daga cikinku ya gyara. Wanda ya gani, Malam. Kai ɗin da ka ji ihun.

A wancan gida na Tudun Wada, daga zaurensu zuwa ƙofar mai unguwa tafiyar ba ta kai minti biyar ba.