Lacca: Ɗaukar Akwatin Imel a Cikin Filashi

Jama'a, assalamu alaikum. An nemi in yi bayanin yadda mutum zai ɗora manhajar imel a kan filashi ya riƙa yawo da ita a aljihu, kuma na tanadi abubuwa huɗu, idan wuta ta bar mu.

Na farko ita ce manhajar kanta. Wadda aka fi sani ita ce Thunderbird ta Mozilla, wadda cikakkiyar fitowarta ta farko ta kasance a 2004, kuma shafin PortableApps, wanda John T. Haller ya kafa, yana shirya nau'inta da ba sai an girka a kwamfuta ba. Saƙonninka da adireshin abokan hulɗarka suna zaune a folda guda, duk kwamfutar Windows da ka soka filashin za ka tarar da akwatinka yadda ka bar shi. Na biyu, cikin hanyoyin da manhajar ke ɗauko saƙo daga kamfanin imel, ku zaɓi IMAP maimakon POP3, domin IMAP yana barin asalin saƙonni a wajen kamfanin imel, ko filashi ya faɗa kwata ba ku yi asara ba.

Amma abin da nake so ku riƙe, ko kun manta sauran, shi ne yadda manhajar take adana saƙo. Thunderbird ba ta ware wa kowane saƙo fayil nasa. Duk abin da ya shigo akwati tana jera shi ne cikin fayil ɗaya tak, saƙo bayan saƙo, har da hotunan biki da takardun da aka maƙala. Idan ka goge saƙo, alama kawai ta sa masa ta ɓoye shi daga idonka, yana nan kwance yana cin wuri, kamar mai sharar da ya tura datti ƙarƙashin tabarma. Ku lura da kyau, yana nan. To, filashi da yawa suna zuwa da tsarin adana fayil mai suna FAT32, wanda fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4 a cikinsa, saboda haka filashinka mai gigabait 32 zai nuna akwai wuri fal, amma akwatin ya ƙi karɓar saƙo. Na ga wani a baya yana dariya, da alama ta taɓa ci da shi. Maganin shi ne a mayar da filashin tsarin exFAT, wanda ba shi da wannan iyakar, tun kafin a fara, kuma a riƙa amfani da umarnin Compact, wanda yake sake rubuta fayil ɗin ya zubar da gogaggun saƙonnin. Sai dai a lokacin wannan rubutun ne haɗari ya fi yawa: wanda ya fizge filashi, ko aka ɗauke wuta a kwamfutar tebur, yana iya lalata akwatin baki ɗaya. Ku rufe manhajar, ku jira fitilar filashin ta daina ƙiftawa, sannan ku cire shi ta hanyar da Windows ta tanada.

Na uku, ko na huɗu muke? Babbar kalmar sirri ta Thunderbird tana kulle kalmomin sirrinka ne kaɗai, ba ta kulle saƙonnin, wanda ya tsinci filashin zai iya karanta su. Na'am, Malama, muna saurare.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko babu haɗari a yi amfani da filashin a kwamfutocin kafen intanet.)

Tambayarki ta fi abin da ya rage mini muhimmanci. Filashi ba ya kare ki daga kwamfutar da aka dasa wa manhajar naɗe abin da ake bugawa, kuma bairos mai ɓoye folda ya bar gajerun hanyoyi na bogi a nan ake kwaso shi. Tun 2022 Gmail ya daina karɓar kalmar sirri tsurarta daga irin waɗannan manhajoji, Thunderbird kan shiga ne da izinin OAuth2, wato izinin da kike ba manhajar daga shafin Google, wanda ake ajiyewa a filashin. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma ranar da filashin ya ɓata ki shiga sashen tsaro na asusunki ta waya, ki janye izinin Thunderbird nan take.