Sulusin da Shari'a Ta Bar Mana a Hannu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa, barkanmu da wannan zama.

Maganar wasiyya na kawo, kuma na san da yawanmu da an ambace ta sai gabanmu ya faɗi, kamar ana yi mana fatan mutuwa. Amma kowa a ɗakin nan ya san yadda muke yi idan aka yi mana rasuwa a nan Manchester. Gawa tana asibiti, ma'aji yana ta buga waya, ana tura saƙo a WhatsApp, wannan ya ba da fam 20, wancan fam 50, kafin a haɗa kuɗin kabari. Iyalan mamaci kuwa suna zaune, ga baƙin ciki, ga kunyar roƙo. Wallahi abin yana ci mini rai.

Lokacin da Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana shi. Ya ce rabi, aka hana. Sai aka yarje masa sulusi, aka ce sulusin ma yana da yawa. Wannan ne namu. Bayan jana'iza da biyan bashi, kana da ikon ka ware har ɗaya bisa uku ga wanda ba magajinka ba, sauran kuma rabon gado ne. Ba na cewa ku ba ƙungiyarmu sulusin duka. Ko kashi 2 cikin 100 aka rubuta wa asusun jana'iza ko makarantar Asabar ta yaranmu, zai yi aiki shekara da shekaru.

Sai dai a ƙasar nan faɗa da baki ba ya isa. Idan ka rasu a Ingila babu rubutacciyar wasiyya, dokarsu ce za ta yi rabo: matarka ta ɗauki fam 322,000 na farko da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin, mahaifiyarka da ke Kano ko Damagaram ba ta da ko sisi. Idan kuma a masallaci kawai aka ɗaura auren, ba a yi rajista ba, matar ma tana iya tashi a tutar babu. Iyayenmu mata, ku riƙe wannan da kyau.

Dole a rubuta, ka sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare, kuma kada shaida ya zama wanda ka bar wa wani abu a ciki. A sa cikakken sunan ƙungiya da lambar rajistarta. Abin da aka bar wa ƙungiyar agaji mai rajista a nan ba a cire masa harajin gado, kuma wanda ya ba da kashi 10 cikin 100, harajin sauran yana sauka daga kashi 40 zuwa 36. Masallacin unguwarku na can ƙasarmu ta asali bai shiga wannan rangwame ba, amma ba laifi a sa shi.

Lambar rajistarmu tana wurin sakatare. Ku karɓa kafin ku fita, ku kai wa lauya, ku kuma nuna wa malam ya duba lissafin gadon. Allah Ya sa mu cika da imani.